Bugun farko ko sabon bugu? Amsa ga mai son fara tara fayafayan jaz

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya cewa ya daɗe yana sauraron kiɗan jaz ta wayarsa, yanzu kuma ya sayi na'urar juya faifai, yana son ya fara tara fayafayan garmaho na tsofaffin makaɗa da na masu tasowa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne duk inda ya leƙa maganar "bugun farko" ake yi, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Yana so ya san ko wanda bai mallaki bugun farko ba ya yi asarar wani abu a sauti, sannan ko akwai amfanin sayen kiɗan zamani a kan faifai alhali da kwamfuta aka ɗauke shi.

Malam, tun kafin mu yi nisa bari in kwantar maka da hankali: kada ka fara da farautar bugun farko. Na shafe shekaru masu yawa ina saye ina saurare ina kwatantawa, abin da kunnena ya tabbatar mini kuwa shi ne kyawun faifai yana rataye ne a kan tef ɗin da aka kwafo kiɗan daga gare shi, da hannun injiniyan da ya yanka shi, da irin riƙon da ya samu a hannun waɗanda suka mallake shi kafin kai. Shekarar da aka buga shi tana biyo bayan waɗannan ne, kuma sau da yawa can nesa take biyowa.

Dalilin haka yana cikin yadda ake yin faifan. A zamanin da muke magana a kai, wato daga 1948 da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya har zuwa ƙarshen shekarun 1970, a kan tef ake ɗaukar kiɗa. Daga wannan tef na asali injiniya yake yanka siririyar tsagar da allura ke bi, a kan wani faranti mai taushi, shi ne kuma yake yanke shawarar ƙarfin sautin da yawan kaurin murya da kaifinta. Daga farantin nan ake fitar da kwafin ƙarfe hawa-hawa har a kai ga hatimin da ake danna narkakkiyar roba da shi. Hatimi yana gajiya bayan ya buga fayafayai masu yawa, tef ma yana tsufa, wani lokaci ya ɓace ko ya lalace, sai a koma ga kwafinsa ko kwafin kwafinsa. To a nan ne bugun farko yake da hujjarsa ta gaskiya, domin an yanka shi ne lokacin da tef yake sabo, kuma galibi wanda ya ɗauki kiɗan ko wanda ya ji shi a ɗakin ɗauka ne ya amince da sautin. Ba na raina wannan hujja ko kaɗan. Sai dai faifan da aka buga a 1957 ya yi shekara fiye da sittin yana yawo a hannun mutane, kuma mafi yawan na'urorin gida na wancan lokaci suna da hannu mai nauyi da allurar da ba a cika sauya ta ba.

Tunda sunan kamfanin fayafayai na Blue Note ne zai fi yawan shiga kunnenka a wannan harka, ya kamata ka san abin da ya sa. Alfred Lion, ɗan ƙasar Jamus da ya yi hijira zuwa Amurka, shi ya kafa kamfanin a Niyok a 1939, abokinsa Francis Wolff ya biyo shi, Wolff ne kuma ya ɗauki yawancin hotunan da ke kan kwalayen fayafayan, Reid Miles yana tsara su. Wanda ya ɗauki sautin mafi yawan fayafayansu na shekarun 1950 da 1960 shi ne Rudy Van Gelder, mutumin da sana'arsa ta rana ita ce gwajin ido da yanka tabarau, da dare kuma yana ɗaukar makaɗa a falon gidan iyayensa da ke Hackensack a jihar New Jersey, har zuwa 1959 da ya koma sabon ɗakin da ya gina a Englewood Cliffs. Lion yakan biya makaɗa kuɗin atisaye kafin ranar ɗauka, abin da kamfanin Prestige na Bob Weinstock ba ya yi, ko da yake a falon nan guda su ma suke ɗaukar nasu. Idan ka saurari fayafayan kamfanonin biyu a jere za ka ji bambancin da kanka: na Blue Note a tsare suke kamar ginin da aka ja wa igiya, na Prestige kuwa sun fi kama da zaman dare a gidan kiɗa, kowa yana faɗin abin da ya zo masa. A zama biyu kacal na shekarar 1956 mai busa ƙaho Miles Davis da ƙungiyarsa suka ɗauki kiɗan da Prestige ta raba zuwa fayafayai huɗu, kuma har gobe suna cikin waɗanda nake ba sabon shiga shawarar ya fara da su.

Yanzu ɗauki faifan Blue Note a hannunka, ka riƙe shi ta gefuna da tafukan hannu biyu, ka karkata shi ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Tsakanin inda kiɗa ya ƙare da takardar tsakiya akwai wani fili mai sheƙi, faɗinsa bai wuce yatsa ɗaya ko biyu ba, kuma a nan tarihin faifan yake rubuce. Za ka ga lambar faifan, za ka ga haruffan RVG, wato farkon sunayen Rudy Van Gelder, an karce su da hannu ko an buga da hatimi, a na baya kuma cikakken suna VAN GELDER, alamar cewa shi da kansa ya yanka. Idan ka ƙara juya shi a hankali hasken ya faɗa daidai, kana iya hango wata 'yar alama mai lanƙwasa da masu tara faifai suke kira "kunne", wadda a haƙiƙa harafin P ne na masana'antar Plastylite da ke buga wa Blue Note fayafayai har zuwa 1966. Sai ka dubi adireshin da ke kan takardar tsakiya: 767 Lexington Ave shi ne na farkon zamanin dogon faifai, 47 West 63rd ya biyo baya, sannan New York USA, daga ƙarshe rubutun da ke nuna kamfanin ya koma ƙarƙashin kamfanin Liberty. Amma kada adireshi shi kaɗai ya ruɗe ka, domin kamfanin ba ya zubar da ragowar takardu, yakan manna tsohuwa a kan sabon bugu, har ma a sami faifai ɗaya da adireshi daban a kowace fuska.

Ga inda ribar mai ƙaramin ƙarfi take. Da yawa daga cikin fayafayan da aka sake bugawa a farkon zamanin Liberty da tsofaffin ƙarafan Van Gelder aka buga su, saboda haka sunansa yana nan a filin nan mai sheƙi, kunnen ne kawai babu. Yankan ɗaya ne, hannun ɗaya ne, kuɗin kuwa ko kusa bai kai na bugun farko ba. Abin da masu kuɗi suke biya a kan faifai irin na Hank Mobley mai lamba 1568 kuɗin ƙaranci ne, domin kaɗan aka buga tun asali. Wannan sha'awa ce mai zaman kanta irin ta masu tara tsofaffin kuɗi da kan sarki, ba na kushe ta, amma ba ita ka tambaye ni ba.

Maganar lafiyar faifai ita ce na fi so ka riƙe da hannu biyu. Masu sayarwa suna da ma'aunin da suka saba da shi, inda NM ke nufin kusan sabo, VG+ ke nufin an yi amfani da shi amma da kulawa, VG kuma ke nufin za ka ji ƙara a bayan kiɗa. A kiɗa mai hayaniya ana iya haƙuri da VG, a jaz kuwa da wuya, saboda rabin daɗinsa yana cikin wuraren da sauti ya yi ƙasa. Ɗauki abin da mai fiyano Bill Evans da abokansa biyu suka kaɗa a gidan kiɗa na Village Vanguard ranar 25 ga Yuni, 1961, wanda kamfanin Riverside ya fitar. A faifai mai lafiya kana jin ƙarar kofuna a kan tebura da muryoyin mutane can ƙasa-ƙasa, kana jin yatsun Scott LaFaro suna jan tsirkiyar bas har tana dukan katako, mutumin da haɗarin mota ya ɗauke kwana goma sha ɗaya bayan wannan rana. A faifan da ya sha wahala duk wannan yana nutsewa cikin ƙara mai kama da ta yayyafi a kan kwano.

Mafi munin lahani kuma ido ba ya ganinsa. Na taɓa sayen wani tsohon faifai daga hannun wani mai sayarwa da ya rubuta cewa kusan sabo ne, da ya iso kuwa sheƙinsa ya gaskata shi, babu ko ƙwarzane ɗaya. Da na ɗora allura komai ya tafi daidai har zuwa inda mai busa ya ɗaga murya, nan take sautin ya yage kamar ana keta tsumma, haka kuma ya riƙa yi a duk inda kiɗa ya yi ƙarfi. Tsohuwar allura mai dakushi ce ta riga ta cinye bangon tsagar tun shekaru da dama, kuma babu wankin da yake gyara wannan. Tun daga ranar, duk faifan da kuɗinsa ya yi nauyi sai na tambayi mai shi ko ya saurare shi da kunnensa ko kuwa da ido kawai ya auna, idan da hali kuma in nemi a sa mini wurin da busa ta fi ƙarfi da kuma waƙar ƙarshe ta kowace fuska, domin kusa da tsakiya ne lahani ya fi bayyana.

Game da mono, mai fitar da sauti ta hanya ɗaya, da sitiriyo, mai raba shi hagu da dama, ka sani cewa faifan sitiriyo bai shiga kasuwa sosai ba sai a 1958, kuma a shekarun farko yawancin masu saye mono suke saye, shi ne ma injiniyoyi da yawa suka fi ba muhimmanci. Sitiriyon wancan lokaci yakan jefa mai busa ɗaya can hagu, ɗaya can dama, tsakiya ta zama wayam. Wasu suna son haka don suna jin kowane makaɗi daban, ni kuwa a fayafayan ƙarshen shekarun 1950 na fi karkata ga mono saboda ƙarfinsa da haɗin kansa. Wanda zan hana ka saye kai tsaye shi ne faifan da asalinsa mono ne aka bi da shi ta na'ura don ya yi kama da sitiriyo. Galibi suna rubuta hakan a kan kwali, sautinsa kuma kamar daga cikin rijiya yake fitowa.

Akwai misali guda da ya isa ya nuna maka cewa tsufa ba shi ne inganci ba. Lokacin da aka ɗauki faifan Kind of Blue na Miles Davis a 1959, na'urar tef ɗin da aka yi amfani da ita wajen bugun sitiriyo tana gudu ƙasa da yadda ya kamata a zaman farko, saboda haka waƙoƙi ukun da ke fuska ta ɗaya suka fito da ɗan sauri, muryarsu ta ɗan haura sama. Fiye da shekara talatin mutane suna sauraron sa a haka, sai a 1992 aka gyara. Wanda ya mallaki bugun farko na sitiriyo yana da abin tarihi mai daraja, wanda ya sayi sabon bugu mai kyau kuma yana jin kiɗan a muryar da makaɗan suka busa shi.

Sa'ar da ka yi ita ce ka shigo a lokacin da sake bugun jaz ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. A 2019 Blue Note ta fara jerin sabon bugun tsofaffin fayafayai mai suna Tone Poet ƙarƙashin kulawar Joe Harley, Kevin Gray yana yanka su daga tef na asali, a shekarar da ta biyo baya kuma ta ƙaro jerin Classic Vinyl mai sauƙin kuɗi, wanda shi ma Gray ne yake yankawa, ana buga shi a Jamus. A 2020 ɗin ne kuma aka fara jerin Acoustic Sounds don fayafayan kamfanonin Verve da Impulse. Idan ka fi son tsofaffi masu araha, nemi jerin Original Jazz Classics da kamfanin Fantasy ya fara a farkon shekarun 1980, wanda ya dawo da kayan Prestige da Riverside da Contemporary. Robarsu siririya ce, kwalinsu ba na ƙawa ba ne, amma sautin yawancinsu mai gaskiya ne. Haka ma bugun Japan na kamfanonin King da Toshiba, waɗanda aka san su da roba mai shiru, ko da yake daga kwafin tef aka yanka su. Fayafayan ECM, kamfanin da Manfred Eicher ya kafa a Munich a 1969, su kuwa asalin bugunsu na Jamus yana da yawa a kasuwa kuma tun farko da tsafta aka yi su.

Kada rubutun "giram 180" a kan leda ya ɗauke maka hankali. Nauyin roba ba ya ƙara zurfin tsaga, ba ya kuma gyara yankan da aka yi da sakaci. Akwai kamfanonin da suke cin gajiyar ƙarewar haƙƙin mallaka a Turai kan kiɗan da ya fito kafin 1963, suna buga shahararrun fayafayai a roba mai kauri da sabon hoto a kwali, alhali ba su da hanyar kaiwa ga tef na asali. Alamarsu ita ce ba sa faɗin inda suka samo sautin, ba sa kuma ambaton sunan wanda ya yanka. Kamfanin da yake alfahari da aikinsa yakan rubuta duka biyun.

Sai rabi na biyu na tambayarka. Gaskiya ne cewa mafi yawan jaz na yau da kwamfuta ake ɗaukarsa, kuma ba zan ce maka zuba shi a kan roba yana mayar da shi wani abu daban ba. Wani lokaci faifan yakan fi daɗin ji saboda an yi masa gyaran sauti na musamman da bai matse shi ba, wani lokaci kuma ba ya fin na wayarka da komai. Ka riƙa duba tsawon kowace fuska, domin idan ta wuce minti ashirin da 'yan kai dole injiniya ya matse tsagar ya rage ƙarfin sauti. Aikin Kamasi Washington mai suna The Epic da ya fito a 2015 ya kusa awa uku a kan fayafayai uku, wato kusan rabin awa ke nan a kowace fuska, saboda haka wanda ya saye shi ya saye shi ne don girman aikin, ba don ya gwada na'urarsa da shi ba.

Duk da haka ina sayen na zamani, kuma ina ba ka shawarar ka ware masa kaso mai kyau na abin da kake kashewa. Faifan da ka saya yau daga ƙaramin kamfani shi ne bugun farkonsa, sabo fil, babu wata tsohuwar allura da ta riga ka, kuɗin kuma yana isa ga makaɗin da yake raye yana biyan abokan kiɗansa. Waɗanda suka sayi fayafayan Strata-East, kamfanin da makaɗa biyu Charles Tolliver da Stanley Cowell suka kafa a 1971, don son kiɗan suka saya a lokacin da ba kowa ya damu da shi ba, yau kuwa ana nemansu ruwa a jallo. Ka leƙa abin da kamfanin International Anthem yake fitarwa daga Shikago, musamman aikin mai ganga Makaya McCraven. Ka saurari matasan Landan irin su Nubya Garcia da Shabaka Hutchings da ƙungiyar Ezra Collective, wadda a 2023 ta zama ƙungiyar jaz ta farko da ta ci kyautar kiɗa ta Mercury a Birtaniya. Ka nemi Nduduzo Makhathini, mai fiyano daga Afirka ta Kudu, wanda Blue Note ta fara fitar da aikinsa a 2020. Idan ka jera waɗannan kusa da tsofaffin makaɗa irin su John Coltrane da Pharoah Sanders a kan kanta ɗaya, za ka ji da kunnenka inda zaren ya ɗore da inda matasan suka kama tasu hanyar.

Hanyar zaɓe da ta fi yi mini amfani ba ta buƙatar jerin sunaye daga kowa. Duk faifan da ya kama maka zuciya, juya bayan kwalinsa ka karanta sunayen waɗanda suka yi kiɗan tare, ka lura da wanda kunnenka ya fi bi, sannan ka nemi faifan da shi ne jagora a ciki. Faifan Blue Train na Coltrane, wanda aka ɗauka a 1957, zai miƙa ka ga Lee Morgan da Curtis Fuller da Paul Chambers, Morgan zai kai ka ga ƙungiyar Art Blakey, can kuma za ka tarar da Wayne Shorter, wanda zai sake dawo da kai wurin Miles Davis na tsakiyar shekarun 1960. Tunda kana da waya, saurari kowane faifai sau biyu ko uku kafin ka biya kuɗinsa, wanda ka ji kana marmarin komawa gare shi shi ne ya cancanci wuri a kantarka.

Abin da ya rage shi ne kada kai ma ka zama mai cinye tsagar da na ba ka labari. Kafin ka ɗora faifai mai daraja, tabbatar allurarka sabuwa ce, ka kuma auna nauyin da take sauka da shi da ƙaramin sikeli, wanda ga yawancin allurai na yau yana kusa da giram biyu, amma bi abin da masu ƙera taka suka rubuta. Duk tsohon faifan da ya shigo hannunka wanke shi da ruwan wankin faifai kafin ya taɓa allura, ka bar shi ya bushe sarai, ka sauya masa rigar ciki da sabuwa mai santsi, tsohuwar kuma ka adana ta a cikin kwali idan ta asali ce. A tsaye ake jera fayafayai kamar littattafai, ba a kwance ɗaya bisa ɗaya ba, kuma nesa da taga da duk wani abu mai zafi, domin awa kaɗan a rana ko a cikin mota rufaffiya ta isa ta lanƙwasa roba. Na'urar ma ka ɗora ta a wuri mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, ba a kan teburi ɗaya da lasifika ba, ka kuma share ƙurar kowace fuska da burushi mai laushi kafin ka sauke allura.